Yadda Ake Sauke Tsinin Wuƙar Aljihu Domin Gyaran Kifi

A shekarun baya kamun kifi da gyaransa sana'ar masunta ce kawai, irin su Kabawan Argungu da Sarkawan bakin kogin Kwara da mutanen tafkin Chadi da na fadamun Haɗejiya da Nguru. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, da ta Tiga a 1974, kifi ya matso kusa da manomi. Ga kuma kiwon tarwaɗa cikin kududdufi da tankin siminti, wanda ya bazu birni da ƙauye. Yau akwai manoma da yawa waɗanda kifi ne amfanin gonarsu na biyu, akwai 'yan kasuwa masu sarinsa ɗanye a bakin ruwa, akwai kuma ma'aikatan ofis masu tsayawa a hanya su sayi na cefane. Dukansu kuwa aiki guda ke jiransu, watau buɗe cikin kifi da fitar da kayan ciki.

Mafi yawan mutanen nan ba su da wuƙa ta musamman domin wannan aiki. Abin da ke hannu shi ne wuƙar aljihu, mai naɗewa ta shige cikin ƙotarta. Wuƙa ce mai amfani ƙwarai, tana yanka igiya, tana feraye rake da rogo, tana fiƙe fensir. Amma tsininta ba domin cikin kifi aka yi shi ba. Da aikin awa guda, da dutsen washi da kwanon ruwa, ana iya sauke tsinin nan ya dace da aikin. Ƙa'idar kuwa guda ce: ta bayan wuƙa ake cin ƙarfe, ba ta bakinta ba, kuma ba a barin ƙarfen ya yi zafi.

ABIN DA TSINI YAKE ƁATAWA

Naman kifi mai rai da lafiya ba shi da ƙwayoyin ruɓa a cikinsa. Ƙwayoyin suna zaune ne a wuri uku: cikin yauƙin fata, da jan naman nan na ƙarƙashin marfin kunne wanda kifi ke numfashi da shi, da kuma hanji. Bayan ƙwayoyi, akwai ruwan narkar da abinci a cikin tumbi da hanji. In kifi ya mutu wannan ruwa ba ya daina aiki, sai ya juya ya fara cin bangon cikin kifin kansa. Shi ya sa kifin da ya ƙoshi kafin a kama shi yakan riga ɗan'uwansa ruɓewar ciki, shi ya sa kuma masu kiwon tarwaɗa sukan hana ta abinci kwana guda kafin ranar kwasa.

Amfanin gyaran kifi da wuri shi ne a raba naman da wannan ƙazanta tun tana ƙunshe cikin hanji. To, idan tsinin wuƙa ya huda hanjin, an yi aikin banza ke nan, domin abin da ake gudu shi ne aka shafa wa naman. A zafin ƙasar nan, kifin da aka kama da asuba, in ba ƙanƙara, kafin magariba ya fara juyawa. Wanda aka fasa wa hanji ba ya kai haka. Shi ne kuma wanda ƙuda ke fara sauka a kai ya yi ƙwai.

Abu na biyu shi ne maɗaciya. 'Yar jaka ce koriya ko ruwan ɗorawa, manne da hanta, can gaba kusa da kai. A ƙaramin kifi ba ta wuce ƙwayar dawa ba, a babba takan kai ƙwayar gyaɗa ko fiye. In ta fashe ruwanta yakan rina naman ciki, ya shige shi nan da nan. Dafuwa ba ta fid da ɗacinsa, banda ma ba ta fitarwa. Maɗaciya guda tana iya ɓata tukunyar miya. Mai sayar da soyayyen kifi wanda aka tofar da kayansa sau biyu ya rasa mai ciniki ke nan, mai banda kuwa ya san dillali cikin kifi yake fara buɗewa ya kai hanci kafin ya yi tayi.

DALILIN DA YA SA TSINI MAI TASHI KE HUDA HANJI

Ana gyaran kifi ne da wuƙa a kife. Ana sa tsini a mafitar kashi, baki yana duban sama wajen fatar ciki, bayan wuƙa yana duban hanji, sa'an nan a tura zuwa wajen kai. Duk wanda ya riƙe wuƙarsa haka ya duba zai ga inda matsalar take. Idan tsini yana daidai da layin bayan wuƙa, ko ya lanƙwasa ya tashi sama da shi, to da an kifar da wuƙa tsinin hanji yake duba. Shi ne ke gaba, shi ne kuma ke ƙasa, sai ya riƙa keta hanji kamar garma a gona.

Idan kuwa bayan wuƙa ya gangaro a hankali ya sami baki, tsini ya sauko tsakiyar faɗin wuƙa ko ƙasa da haka kaɗan, to da an kifar da ita gangaren nan mai santsi shi ke kwanciya a kan hanji yana ture shi, tsini kuma yana can sama kusa da fata. Wannan shi ne fasalin da mafarauta na ƙasashe da yawa suka fi so domin fiɗar dabba, dalilinsu kuwa shi ne wannan.

Wuƙaƙen aljihu da suka yi suna a Afirka yawancinsu masu tsini a sama ne. Akwai Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902, aka mai da aikinta Afirka ta Kudu a 1988. Ita ce mai zobe a baya wanda ake ja kafin ta naɗe. Akwai Douk-Douk mai ƙotar ƙarfe, wadda ake yi a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta bazu cikin ƙasashen da Faransa ta mallaka a da. Akwai kuma Opinel mai ƙotar itace, ita ma ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Ban da su akwai masu kwaikwayonsu da marasa suna barkatai a kasuwa. Gyaran da za a bayyana a nan ya shafi dukansu.

Ba a ce a kashe tsini ɗungum ba. Fatar tarwaɗa tana da tauri, ta giwan ruwa ma haka, dole wuƙa ta iya shiga. Abin da ake nema shi ne tsini gajere mai ƙarfi, wanda ya sauko.

TA BAYA AKE CI, BA TA BAKI BA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora bakin wuƙa a dutse a yi ta ci har tsini ya gajarce. Wannan yana jawo ɓarna uku. Na ɗaya, tsinin yana nan a sama inda yake, ba a sauke shi ba. Na biyu, an cinye kaifi an shiga wurin da ƙarfe ke da kauri, sai an sha wahala kafin a sake fid da baki. Na uku shi ne mafi haɗari. In wuƙa ta naɗe, bakinta ne ke shiga cikin ƙota, bayanta yana waje. Duk abin da ya matsar da tsini wajen baya yana fito da shi daga ƙota. Wuƙar da tsininta ke leƙe a naɗe takan yage aljihu, ta soki cinya, ta tsaga yatsan mai laluben canji. Wanda ya ci ƙarfe ta baya kuwa, tsininsa ƙara nutsewa yake yi cikin ƙota. Haka nan kuma ake gyara wuƙar da tsininta ya karye: a gangaro da baya ya sami baki, ba a ɗaga baki ya sami baya ba.

KAYAN AIKI

Ana bukatar dutsen washi mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi; magagari in akwai; samfefa; kwanon ruwa; tsumma ko salatif; 'yan katako biyu masu faɗi; robar tsohon tub na keke; takarda da alƙalami mai rubutu a kan ƙarfe. In babu irin wannan alƙalami, a shafa wa wuƙa baƙin tukunya da ɗigon mai, a yi zane da bakin ƙusa.

A fara gwada magagari a bayan wuƙa kusa da tsini. Idan ya kama yana fid da gari, shi ya fi sauri. Idan yana zamewa kamar a kan kwalba, ƙarfen ya fi ƙarfinsa, kada a kashe masa haƙora, a koma ga dutse mai kaushi.

ZANE KAFIN CI

Ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa, saboda haka a fara da takarda. A buɗe wuƙa, a kwantar da ita a kan takarda, a zana siffarta. Sa'an nan a bi bakin wuƙa daga tsini a koma baya kamar rubu'in inci, a yi ɗigo. Da yake baki yana lanƙwasa ne ya tashi zuwa tsini, duk wanda ya ja baya a kansa ya sauko ƙasa. Wannan ɗigo shi ne sabon tsini. A duba ko ya kai tsakiyar faɗin wuƙa. In bai kai ba a ƙara ja baya kaɗan, amma ga wuƙa mai tsawon inci 3 da rabi ko 4 kada abin da za a rage ya wuce rabin inci.

Daga nan a koma bayan wuƙa, a auna inci 1 ko 1 da rabi daga tsohon tsini, a yi ɗigo na biyu. A haɗa ɗigon biyu da layi mai ɗan tudu kamar bayan kunkuru, ba mai rami ba, ba kuma miƙaƙƙe sak ba. In zanen ya yi wa ido daɗi, a yanke takardar, a ɗora a kan wuƙa, a kwafe layin a fuska biyu.

Akwai wuri biyu da ba a taɓawa. Na ɗaya shi ne ramin farce, inda ake sa farce a buɗe wuƙa. In layin ya ratsa ta cikinsa a sake zane. Na biyu shi ne gindin wuƙa, inda ta haɗu da ƙarfen da ke riƙe ta a buɗe. Wanda ya goge nan ya kashe makullin, wuƙa za ta riƙa girgiɗi har abada.

CIN ƘARFE

A naɗe kaifi da salatif ko tsumma riɓi uku. Sa'an nan a sa ruwan wuƙar tsakanin katakon nan biyu, a bar wurin da aka zana a waje, a ɗaure tam da roba. Katakon ake riƙewa, ba ƙota ba. Dalili kuwa, danna bayan wuƙa a kan dutse daidai yake da naɗe ta, kuma wuƙa marar makulli irin Douk-Douk za ta rufe a kan yatsun da ke kewaye da ƙota. Ko mai makulli ce kada a amince mata.

A shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙasa, a ɗora dutse kada ya zame, a jiƙa shi da ruwa. A tsai da wuƙa a kan bayanta, baki yana sama, a riƙa ja ana turawa tsawon dutse, ana ɗan ɗaga hannu a ƙarshen kowane ja domin gangaren ya fito da tudu. A yi amfani da gefen dutse ko wani dutse dabam wanda ba a ji da shi, gama bayan wuƙa yakan yi wa dutse kwari. Mai aiki da magagari ya matse katakon a jikin benci, bayan wuƙa yana sama, ya tuna magagari a turawa yake ci, ba a jawowa ba.

Bayan kowane ja ashirin ko talatin a tsaya a duba fuska biyu, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya kai layi. In an kusa layi a rage ƙarfin hannu. Sannu ba ta hana zuwa. A tsaya ana ganin layin, sauran a ƙarasa da fuska mai laushi.

In siffa ta fito, sai a kashe kusurwoyin gangaren. Sabon wurin da aka ci yana da gefe biyu masu kaifi, waɗanda za su iya yage hanji kamar yadda tsini ke yi. A goge su da dutse mai laushi, sa'an nan da samfefa, har yatsa ya bi ta kai ya ji santsi kamar bayan cokali.

ZAFI SHI NE ABOKIN GABA

Masu ƙera wuƙa sukan gasa ƙarfe har ya yi ja, su tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri, sa'an nan su sake ɗumama shi zuwa wajen digiri 200, watau ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa, domin ya rage saurin karyewa. Duk zafin da ya wuce wannan yana sassauta taurin. Ƙarfe da kansa yana ba da shaida: a wajen digiri 230 yakan yi launin busasshen kara, ya wuce ya yi ƙasa-ƙasa, a wajen digiri 300 ya yi shuɗi. Tsinin da ya yi shuɗi ya mutu. Zai yi kaifi yau, gobe ya lanƙwashe a kan ƙayar kifi. Goge launin da samfefa ba ya mai da taurin. Sai dai a ci gaba da ci har a wuce wurin da ya ƙone, wuƙa kuwa ta ƙara gajarta.

Dutsen hannu da ruwa ba ya kawo wannan zafi. Injin washi na masu walda shi ke kawo shi, tsini kuwa da yake siriri ne cikin daƙiƙa biyu ko uku ya ƙone. Wanda ya ga dole sai inji, ya taɓa kaɗan ya tsoma a ruwa, ya sake taɓawa ya tsoma, ya riƙa gwada zafin da yatsa. In yatsa bai iya jimrewa ba an yi yawa. Ya fara daga wuri mai kauri ya gangaro, ya bar kusa da tsini ya ƙarasa da hannu. Ya kuma sa tabarau saboda tartsatsi.

Wanda ya kai wa maƙeri, ya je da zanensa a jikin wuƙa, ya gaya masa a fili, "Malam, ta baya za a ci zuwa layin nan, kada a taɓa baki, kada kuma ta ga wuta." Maƙeri ya saba da gyaran lauje da fartanya a wuta, amma wuƙar aljihu in ta shiga maƙera ƙotarta za ta ƙone, ƙarfen bayan da ke riƙe ta kuma ya saki.

GWAJIN NAƊEWA

Kafin washi a kwance katako, a naɗe wuƙa, a ja tsumma a kanta daga ƙarshen ƙota. In tsumma ya wuce sumul, madalla. In ya maƙale, tsini yana leƙe. Wannan yakan faru ga tsohuwar wuƙa wadda washi ya riga ya cinye wa baki.

Maganinsa yana gindin wuƙa. A gefen baki, bayan inda kaifi ya ƙare, yawancin wuƙaƙe masu ƙarfen baya suna da ɗan tudu marar kaifi. Shi ke tokare wuƙa in ta naɗe, ya hana kaifi bugun cikin ƙota. In aka rage tudun nan wuƙa takan ƙara nutsewa. Amma a yi hattara, domin abin da aka rage a gindi yakan ninka sau da yawa a wajen tsini. A yi ja biyu da magagari, a naɗe a duba, a sake ja biyu. Wanda ya zarce zai ji kaifi yana bugun ƙarfe duk sa'ad da ya rufe wuƙa, kullum kuma bakinta da giɓi.

WASHI

Yanzu sai a wasa baki, tun daga gindi har sabon tsini. A kwantar da wuƙa a kan dutse, a ɗaga bayanta kamar rubu'i ko sulusin faɗinta. Wannan shi ke ba da kusurwar digiri 15 zuwa 20 a kowane gefe, wadda ta ishi fatar kifi, ba ta kuma saurin giɓi. A wasa gefe ɗaya har a ji ɗan kaushi ya lanƙwaso ta ɗaya gefen, a juya a yi haka, sa'an nan a koma fuska mai laushi da hannu marar nauyi. A ƙarasa a kan tsohuwar fata. Kada a bar tsini ya zame ya faɗo daga ƙarshen dutse, gama haka ke dakushe shi. Wuƙar da ta yanka takardar jarida a tsaye ba tare da ta yage ta ba, ta isa.

YADDA AKE AIKI DA ITA

A fara gwadawa da ƙananan karfasa, ba da babban kifi mai tsada ba. A kankare ɓawo tukuna. In tarwaɗa ce a cuɗe ta da toka ko gishiri yauƙi ya fita, domin santsi shi ke jawo yanka. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai ƙarfi a gefen kai, ƙurungu har da ta baya. A karye su da awartaki kafin a fara, sukarsu tana da zafi, takan kuma kumbura.

A sa tsini a mafitar kashi, kada ya shiga fiye da rubu'in inci, baki yana sama. A ɗan ɗaga wuƙa fata ta miƙe, a tura a hankali, hannun da ke riƙe da kifi yana bayan wuƙa, ba gabanta ba. A babban kifi a sa yatsu biyu cikin ciki, ɗaya kowane gefen wuƙa, su riƙa ɗaga fata suna danne hanji. A ƙara kula in an kusa kai, gama nan hanta da maɗaciya suke. Sa'an nan a ajiye wuƙa, a jawo kayan ciki da hannu gaba ɗaya, a cire jan naman kunne, a kankare baƙin jinin da ke kwance jikin ƙashin baya, wanda shi ne ƙodar kifi, a wanke da ruwa mai tsabta.

A duba hanjin da aka fitar. In ya fito cikakke, ƙwai bai fashe ba, maɗaciya tana nan a cike, gyara ya yi. In har yanzu ana samun huji, ko dai tsini bai sauko sosai ba, ko kusurwoyin gangare ba su mutu ba. In kuwa tsautsayi ya sa maɗaciya ta fashe, a wanke nan take da ruwa mai yawa, a yanke wurin da ya rine a yar.

ABIN DA BA ZA TA YI BA

Gyaran tsini ba ya mai da wuƙar aljihu adda. Kada a fasa kan tarwaɗa da ita, kada a sare ƙashin bayan giwan ruwa, kada a buga bayanta da itace. Ƙusa guda ce ke riƙe da ita a ƙota, in ta saki yatsu ne ke biya. Gunduwa aikin babbar wuƙa ne ko adda. Kada kuma a yi ƙoƙarin cinye kaurinta wai ta yi laushi irin doguwar wuƙar nan ta raba nama da ƙashi. Ba za ta yi ba, sai dai ta karye.

TSABTA

Aibin wuƙa mai naɗewa shi ne lungu. Jini da yauƙi da ɓawo sukan shige cikin ƙota da wajen ƙusa su ruɓe, gobe a kai su cikin sabon kifi, ko cikin mangwaron da za a yanka wa yaro. Bayan kowane aiki a wanke ta a buɗe da ruwan zafi da sabulu, a bi lungu da tsohon buroshin haƙori ko tsinken tsintsiya, a girgije, a shanya ta a buɗe har ta bushe. Mai ƙotar itace kada a bar ta kwance cikin ruwa, itacen yakan kumbura ya matse wuƙa ta ƙi buɗuwa.

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, mai saurin kaifi da saurin tsatsa. Akwai farin ƙarfe marar tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya gano a garin Sheffield na Ingila a 1913. Shi ya fi jure ruwa. Baƙin ƙarfe in ya kwana da jinin kifi da safe ya yi ja, wurin da aka ci sabo kuwa shi ke fara kamawa. A shafa masa ɗigon man gyaɗa bayan ya bushe, a goge tsohon man kafin a sa sabo domin kada ya yi danƙo. Ban da baƙin mai na inji, gama wuƙar abinci ce.

Wanda ke gyaran kifi kwando-kwando kowace rana, gara ya nemi wuƙa miƙaƙƙiya mai kube, wadda ba ta da lungu, ya yi mata irin wannan tsini. Amma manomi mai kududdufi guda, da ɗan kasuwa mai tafiya bakin ruwa ranar kasuwa, da magidanci mai sayen na miya, wuƙar aljihunsu ta ishe su in an sauke mata tsini. Lokacin yin gyaran kuwa shi ne ranar da babu aiki, ba ranar kwasa ba sa'ad da kifi ke kwance a rana yana jira.